Yaren Akuya: rahoton aiki daga kaka zuwa bazara

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Akwai wani harshen shirya manhaja da ake kira Emojicode, wanda wani mai suna Theo Weidmann ya ƙirƙiro. Maimakon kalmomin Turanci irin na Python ko Java, shi da emoji ake rubuta shi, waɗannan 'yan hotunan da muke tura wa juna a WhatsApp. Tutar tsere 🏁 ita ce mafari, inabi 🍇 yana buɗe rukunin umarni, kankana 🍉 tana rufe shi, fuska mai murmushi 😀 kuma tana sa kwamfuta ta rubuta abu a allo. Idan kana so ta gaishe ka, ga abin da za ka rubuta:

🏁 🍇
😀 🔤Sannu🔤❗️
🍉

Da ka gani za ka ce wasan yara ne, kuma lallai akwai wasa a ciki, sai dai harshe ne cikakke da ake iya gina manhaja ta gaske da shi. Matsalarsa a wurinmu ita ce yana buƙatar kwamfuta mai Linux ko macOS, bayanin amfani da shi kuma duk da Turanci ne. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim kwamfuta ɗaya nake da ita, tsohuwa, batirinta ba ya jimawa.

Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare. Na sha gwada nuna wa yara Python a wayata, kuma kullum wuri ɗaya muke tsayawa: yaron da bai gama sakin baki da Turanci ba an ɗora masa kaya biyu, ga fahimtar yadda kwamfuta take bin umarni, ga haddar print da while da else. Kafin ya kai ga na farko, na biyu ya gajiyar da shi, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Alhali yaron nan yana buga dara, yana lissafin canji a kasuwa ba tare da takarda ba.

Don haka na ƙudura zan rubuta ɗan ƙaramin harshe namu, mai alamomi ashirin ko ƙasa da haka, wanda zai yi aiki a waya ba tare da data ba. Da Python zan rubuta mai fassara shi, wato shirin da zai karanta alamomin ya aiwatar da su, a cikin Pydroid 3, manhajar da ake rubuta Python da ita a waya. Wannan rahoton zan riƙa ajiye shi saboda duk malamin da zai so ya gwada a makarantarsu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Zaɓen alamomi. Fitowar rana 🌅 ita ce farkon shiri, jinjirin wata 🌙 ƙarshensa. Lasifika 📢 na nufin a faɗi abu a allo, kunne 👂 kuma a saurari abin da mutum zai shigar. Akwati 📦 shi ne wurin ajiya: idan ka rubuta 📦 🐐 12, ka zuba 12 a akwati mai suna akuya ke nan. Maimaici 🔁, tambayar sharaɗi ❓, "in ba haka ba" 🙅. Don gwada lambobi biyu, giwa 🐘 na nufin "ya fi yawa", tururuwa 🐜 "bai kai ba", tagwaye 👬 "daidai suke". Buɗe rukuni 🔓, rufewa 🔒.

Lambobi na bar su yadda suke, 1, 2, 3. Akwai emoji na lambobi irin 1️⃣, amma kowanne a cikinsa abu uku ne a haɗe, kuma yaro zai sha wahalar rubuta 120 da su. Babu amfanin wahalar da shi a kan abin da ya riga ya iya.

Wani zaɓin da na ji daɗinsa shi ne na zance. A Python ana sa magana tsakanin alamomin zance, kuma da yawa suna amfani da 'yar waƙafin sama guda ɗaya. To mu Hausawa wannan alama tana cikin kalmominmu: 'ya'ya, sa'a, jama'a, ma'aikaci. Yaro ya rubuta "Barka da Juma'a" tsakanin irin waɗannan alamomi, Python za ta ɗauka maganar ta ƙare a "Juma", ta yi ƙorafi a kan ragowar. A namu harshen, magana tana shiga tsakanin 💬 da 💬, kowace irin waƙafi ta wuce lafiya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mai fassarar ya fara numfashi. Aikinsa hawa uku ne. Na farko ya yanka rubutun gunduwa-gunduwa, ya gane wannan lamba ce, wannan umarni ne, wannan magana ce. Na biyu ya jera gunduwoyin ya gane wane umarni ne yake cikin wane rukuni. Na uku ya aiwatar. Hawa na farko, wanda na ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ya cinye mini yawancin dararen makon nan.

Tarawa ➕, ɗebewa ➖ da rabawa ➗ duk suna aiki, amma ninkawa ✖️ ta ƙi. A ido babu abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta. Sai da na sa Python ta ƙirga mini tsawon kowace alama: ➕ ɗaya, ➖ ɗaya, ➗ ɗaya, ✖️ biyu. Ashe alamar ninkawa tsohuwa ce a Unicode, tsarin da yake ba haruffa da alamomi lamba a kwamfuta, tana nan tun kafin a shigar da emoji, a matsayin baƙin rubutu kawai. Don ta fito a matsayin emoji, allon rubutun waya yana liƙa mata wani harafi da ba a gani, mai lamba U+FE0F, wanda aikinsa kawai ya ce wa waya "zana wannan a matsayin hoto". Su kuwa sauran ukun a 2010 suka shigo, tare da babban rukunin emoji na Unicode 6.0, don haka ba sa buƙatar rakiya. Maganin layi ɗaya ne: kafin a fara yanka, a share duk wani U+FE0F da ke wajen magana.

Wannan ya sa na koma na karanta yadda abin yake tun daga tushe. Kusan kowane harafi da ake rubutu da shi a duniya Unicode ta ba shi lamba. Akuya 🐐 lambarta U+1F410. Namu haruffan masu lanƙwasa ma suna ciki: ƙ ita ce U+0199, ɓ U+0253, ɗ U+0257. Idan za a adana su a fayil ta tsarin UTF-8, harafi kamar a ko b yana cin bayit ɗaya (bayit shi ne ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta), ƙ tana cin biyu, akuya tana cin huɗu. Duk wanda zai yi irin wannan aiki ya tabbata ya gaya wa Python ta buɗe fayil da UTF-8, in ba haka ba wata kwamfutar za ta karanta shi da wani tsari daban, ƙ da akuya duka su koma tarkacen alamomi.

Juma'a, 6 ga Disamba

Yau da la'asar sakaliya na tara yaran a zauren gidanmu, maza da mata, yawancinsu 'yan aji ɗaya da biyu. Ban fito da waya ba. Na yanka kwalayen taliya na zana alamomin a kai da alƙalamin allo, na kawo kwanuka uku da tsakuwa. Kwano ɗaya na liƙa masa hoton akuya, ɗaya kaza, ɗaya masara. Su ne akwatunanmu.

Ƙa'idar wasan ita ce: rukuni ɗaya su jera kwalayen a kan tabarma, mutum ɗaya ya zama kwamfuta, ya bi abin da aka jera daga sama zuwa ƙasa, ba ƙari ba ragi. Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda a aji sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta, ita ta ce za ta zama kwamfutar. Mazan suka jera mata: a zuba 5 a kwanon akuya, a zuba 3 a kwanon kaza, a tara su a kwanon masara. Ta ƙirga tsakuwa biyar, ta ƙirga uku, ta ɗebo takwas ta zuba a na masara, sannan ta naɗe hannu ta yi shiru.

Suka ce, "To faɗi mana, nawa ne?"

Ta dubi tabarmar, ta dube ni. "Malam, ba su sa lasifika ba."

Suka fara musu, wai ai kowa ya san abin da ake nufi. Ta ce ita ba ta san abin da ake nufi ba, abin da aka jera ta sani. Sai da wani ya rarumo kwalin 📢 ya ajiye kafin na wata, sannan ta ce, "Takwas." Na shekara ina neman hanyar da zan bayyana wa yara cewa kwamfuta ba ta san nufinka ba, abin da ka rubuta kawai ta sani, ban taɓa samun bayanin da ya kai wannan naɗe hannun ba.

Daga nan muka shiga maimaici. Aka jera 🔁 3 🔓 📢 💬Sannu da aiki💬 🔒, wani yaro ya faɗa sau uku yana ƙirgawa da yatsu. Wani ya canza 3 ya mayar 50 don ya wahalar da abokinsa, abokin ya ce shi ya gaji, a kawo waya ta yi. A lokacin na fito da ita. Suka ga layi hamsin sun zubo kafin ƙiftawar ido, zauren ya kaure da ihu har Baba ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Su ne suka raɗa wa harshen suna Yaren Akuya, saboda kowane misali nawa da akuya yake farawa. Na bar shi haka.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwaɗo a buɗe 🔓 da kwaɗo a rufe 🔒 sun yi kama da yawa. A babban allo ana bambancewa, amma a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, cikin hasken rana, sai ka kanne ido. Rabin kurakuran yaran daga nan suke fitowa. Na canza: buɗaɗɗun tafuka 👐 su buɗe rukuni, dunƙulallen hannu ✊ ya rufe. Sun fi saurin kamawa, har suna yi da hannunsu yayin karantawa.

Canjin ya zo da nasa aikin. Wata yarinya ta danne hoton hannun da yatsa ta daɗe, wayar ta fito mata da launuka, ta zaɓi baƙin hannu ✊🏿, ta ce ai wannan ne irin namu. Shirinta ya ƙi tashi. Tun 2015, da fitowar Unicode 8.0, aka ƙara haruffa biyar na launin fata, daga U+1F3FB zuwa U+1F3FF, waɗanda ake liƙawa a bayan hoton mutum ko hannu su canza masa launi. Wurin mai fassarata, baƙin hannu abu biyu ne: hannu, sai wani baƙon abu da bai sani ba. Haka 🙅 ma, wata wayar tana ba da na mace ko na namiji, wanda haɗi ne na haruffa da dama da wani maɗauri da ba a gani, U+200D, ya ɗaure su. Da irin wannan maɗaurin ake haɗa mutum da zangarniya 🌾 a samu manomi.

Zan iya ce musu su riƙa amfani da hannu mai ruwan ɗorawa kawai. Ban ga dalili ba. Yarinyar tana da gaskiya, kuma gyaran bai fi 'yan layuka ba: mai fassara ya tuɓe launi da jinsi kafin ya duba ma'ana. Yanzu kowa yana rufe rukuninsa da hannun da ya ga dama.

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, farantin sola na mai cajin waya ba ya tara wuta sosai, layin caji ya yi tsawo. Kwamfutar na ajiye ta, a waya nake ɗan taɓa aiki da daddare. Abu ɗaya na gama: saƙonnin kuskure duk sun koma Hausa, kuma suna faɗin layi. "Layi na 4: ka buɗe 👐 amma ba ka rufe da ✊ ba." "Layi na 2: babu komai a akwatin 🐔 tukuna." Na kauce wa kalmar "kuskure" a farkon saƙo, domin na lura da zarar sun gan ta sai su miƙo mini wayar ba tare da sun karanta sauran ba.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Sharaɗi shi ne darasin da na fi jin tsoro, kuma misalan littafi irin na "idan makinka ya kai 50 ka ci" ba sa motsa kowa. Sai wani yaro, wanda gidansu kiwo suke yi, ya tambaya ko wayar za ta iya faɗin zakkar awaki. Ba ni da misalin da ya fi wannan, domin zakkar dabbobi tun asali a hawa-hawa take.

Ban yarda mu rubuta daga ka ba. Bayan sallar azahar muka tsaya wurin limamin masallacinmu, muka gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan ne suke son su koya wa waya lissafin zakkar awaki, muka ce sai mun ji daga bakinka." Ya yi murmushi ya ce mu zauna. Ya karanto mana: ƙasa da 40 babu komai, daga 40 zuwa 120 ana fitar da ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 zuwa 399 uku, daga 400 kuma kowace ɗari ɗaya. Ya ƙara abu biyu da ba mu zo da su ba. Awaki da tumaki haɗa su ake yi a ƙirga tare, sannan sai shekara ta zagayo a kansu. Ya ce wa yaron, "Kai ɗan nan, ka gaya wa wayar taka ta riƙa tuna wa mutane su zo su yi tambaya, kada su tsaya a kanta." Mun sa wannan a layin ƙarshe.

Ga abin da suka rubuta, bayan gyare-gyare:

🌅
📢 💬Awaki nawa?💬
👂 🐐
📢 💬Tumaki nawa?💬
👂 🐑
📦 🐾 🐐 ➕ 🐑
❓ 🐾 🐜 40 👐
📢 💬Ba su kai nisabi ba💬
✊ 🙅 ❓ 🐾 🐜 121 👐
📢 1
✊ 🙅 ❓ 🐾 🐜 201 👐
📢 2
✊ 🙅 ❓ 🐾 🐜 400 👐
📢 3
✊ 🙅 👐
📢 🐾 ➗ 100
✊
📢 💬Idan shekara ta zagayo. A tambayi malam.💬
🌙

Inda aka yi karatu na gaske shi ne a kan 121 ɗin nan. Da farko 120 suka rubuta, tunda Malam ya ce "zuwa 120". Suka gwada da 50, ta ce ɗaya. Suka gwada da 150, ta ce biyu. Suka ce an gama. Na ce a gwada da 120 cif. Ta ce biyu. Aka yi tsit. Yaron masu kiwo ya ce an cuci mai awaki, an karɓe masa akuya ɗaya a banza. Suka koma suna bin layin da yatsa har wata ta gano: tururuwa "bai kai ba" take nufi, 120 kuwa ta kai 120, don haka ta zarce hawa na gaba. Masu shirya manhaja a duk duniya suna faɗawa wannan ramin na saɓanin ɗaya, manya da ƙanana. Daga yau dokar zaurenmu ita ce duk shirin da ke da iyaka, a gwada shi a kan iyakar, da ɗaya ƙasa da ita, da ɗaya sama.

Sai kuma 450, wadda ta ba mu 4.5. Babu mai fitar da rabin tunkiya. Na mayar da ➗ ta riƙa ba da cikakkiyar lamba ta watsar da ragowa, na ƙara 🍞 ga wanda yake son ragowar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yara suna aro wayoyin yayyensu da iyayensu mata, kuma yawanci tsofaffi ne. Wani ya rubuta shirin lissafin kuɗin ɗaukar kaya, ya sa wa akwatinsa jaki 🫏 a wayata. Da aka tura shi wata wayar, sai ga ɗan murabba'i fanko a wurin jakin. Shirin yana aiki, domin lambar harafin tana nan, wayar ce ba ta da hotonsa. Jaki sai a 2022 ya shiga Unicode. Wake 🫘 2021, albasa 🧅 2019, gyaɗa 🥜 2016. Wayar da aka daina sabunta ta kafin shekarar, ba za ta zana shi ba. Na bi alamomin harshen ɗaya bayan ɗaya na tabbatar babu wadda ta zo bayan 2010, na kuma rubuta wa yaran jerin dabbobi da kayan gona da kowace waya take nunawa: akuya, tunkiya, saniya, kaza, raƙumi, doki, kifi, masara, tumatir.

A nan ne suka yi mini tambayar da na san za ta zo: ina gero? Ina dawa, ina rumbu, ina tuwo? Babu. Akwai 🌾, wadda suke kira gero, amma zangarniyar shinkafa ce aka zana. Na ba su tarihin yadda na sani. A Japan abin ya yi ƙarfi, inda a 1999 wani ma'aikacin kamfanin waya na NTT DoCoMo, Shigetaka Kurita, ya zana guda 176, kowanne a cikin ɗigo 12 tsaye 12 kwance. Shi ya sa ake samun dunƙulen shinkafar Japan 🍙 da irin abincinsu iri-iri. Ƙungiyar Unicode ce take amincewa da sababbi, kuma kowa yana iya tura shawara, sai dai ana neman hujjar cewa mutane da yawa za su yi amfani da shi.

Abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Miliyoyin mutane daga nan har Nijar da Mali da Indiya gero ne abincinsu, amma ba shi da hoto a wayar da ke hannunsu. A yanzu dai na buɗe ƙofa: sunan akwati yana iya zama emoji ko kalmar Hausa. 📦 gero 30 yana aiki, 📦 ƙwai 12 ma haka. Ban yi niyyar wannan tun farko ba, amma ya zama mataki mai kyau, domin a manyan harsuna da kalmomi ake raɗa wa akwatuna suna.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi. Mun dakatar da haɗuwar la'asar, yara suna taya aikin buɗa-baki, ni ma ƙarfina na dare na tarawihi ne. Ɗan abin da na ƙara shi ne 🌀, maimaici mai sharaɗi, wato "muddin abu kaza yana nan, ci gaba". Ƙanena ya gwada shi ya manta bai rage lambar da ke cikin akwatin ba, sharaɗin bai taɓa ƙarewa ba, wayar ta sandare ta yi zafi. Na sa iyaka: idan shiri ya wuce taku 100,000, ya tsaya ya ce, "Da alama 🌀 ɗinka ba shi da mafita. Duba ko akwatin yana canzawa."

Asabar, 12 ga Afrilu

Babban canji. Pydroid tana da nauyi, wayoyi da yawa ba su da wurin ɗaukarta, sauke ta kuma yana cin data. Na sake rubuta mai fassarar da JavaScript, harshen da burauza take ganewa, a cikin fayil ɗaya na HTML, irin na shafin intanet. Ana tura shi ta Bluetooth ko Xender, a buɗe shi a burauza, ba a buƙatar intanet ko kaɗan. Fayil ɗin bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

JavaScript ta zo da nata halin. Idan ka tambaye ta tsawon 🐐 za ta ce 2, domin tana adana rubutu da tsarin UTF-16, inda duk harafin da lambarsa ta wuce U+FFFF ake raba shi gida biyu. Idan ka bi rubutun da lambar matsayi, rabin akuya za ka ɗauko. Akwai wata hanya a JavaScript mai suna Array.from da take bin cikakkun haruffa, da ita na yi amfani.

Ribar da ta fi kowace ita ce allon rubutu namu na kanmu. A da yaro yana ɓata lokaci mai yawa yana laluben tururuwa a cikin dubban hotuna. Yanzu a ƙasan shafin akwai manyan maɓallai na alamomin harshen kaɗai, da layin dabbobi, da ɓ, ɗ, ƙ, tunda wayoyi da yawa ba a saita musu allon Hausa ba. Wata uwa ta aiko a tambaye ni ko wannan abin da 'yarta take dannawa ba caca ba ce. Na je har gida, muka gaisa daga zaure, na ce, "Inna, lissafi ne, bari ta nuna miki." Yarinyar ta buɗe shirin da ta rubuta na kuɗin awarar da suke sayarwa: a shigar da kuɗin waken suya da mai da itace, a shigar da ciniki, ya faɗi riba. Uwar ta ba ta lambobin jiya daga ka, ta ji amsar, ta ce haka ne, amma ba a sa kuɗin niƙa ba. Yarinyar ta ƙara akwati ɗaya a take.

Asabar, 3 ga Mayu

Zafi ya kai inda ya kai, mun koma gindin darbejiya. An fara sharar gona, kuma na san da zarar ruwa ya sauka yawancin mazan ba zan ƙara ganinsu da la'asar ba sai bayan noma na biyu. Don haka na hanzarta abin da na fi ɗauka da muhimmanci.

Yaren Akuya ba wurin zama ba ne. Babu mai ɗaukar mutum aiki da shi, babu jarrabawar da ake yi da shi. Na ƙara maɓalli ɗaya mai hoton maciji 🐍: idan ka danna, allon ya rabu biyu, shirinka a sama, fassararsa da Python a ƙasa, layi da layi. Na buɗe shirin zakka na danna, ban ce komai ba, na miƙa musu. Yarinyar da ta zama kwamfuta ranar farko ta sa yatsa a kan if ta ce wannan shi ne alamar tambaya, ta sauko kan else ta ce wannan shi ne mai ƙin yarda, print kuma lasifika. Wani ya lura babu hannuwa a Python, ya tambaya ta yaya take sanin inda rukuni ya ƙare. Na ce su duba da kyau. Suka gano da kansu cewa layukan cikin rukuni an tura su ciki kaɗan. Uku daga cikinsu sun ce su yanzu a ƙasan suke son rubutawa, na sa musu Pydroid a wayata suna karɓa-karɓa.

Abin da ke gabana yanzu kunkuru ne 🐢. Harshen Logo, wanda Seymour Papert da abokan aikinsa suka fito da shi a 1967 don yara, yana da ɗan kunkuru da ake ba umarni ya yi gaba ko ya juya, yana jan layi a bayansa. Gaba 50, juya 90, a maimaita sau 4, ka sami murabba'i. Ina son su kai ga zana irin adon da ake yi a hula da bangon soro, kuma ta nan darasin kusurwa da nake fama da shi a aji zai shigo. Na gama tafiya gaba da juyawa dama. Juyawa hagu tana buƙatar lamba mai ragi, mai fassarar kuma har yanzu yana ɗaukar ➖ 90 a matsayin ɗebewa, yana neman lambar da za a ɗebe daga cikinta. Ko dai in koya masa ya duba abin da ya gabaci alamar, ko in ba hagu tata alamar daban, 👈 da 👉. Zan kai wa yaran duka biyun ranar Juma'a su gwada a kan tabarma kafin in rubuta ko layi ɗaya.